Matamaye: abin da duniya ta koya wa ƴan lise bayan sun aje alƙalami

Matafiyin da ya taso daga Damagaram ya nufi Daura da Kano, idan ya kai Takeita ya karya kudu, ba zai daɗe ba sai ya ga itatuwan gawo sun cika gonaki, dama da hagun. To, ya shigo ƙasar Matamaye ke nan. Ƙasa ce mai albarkar noma da yawan jama'a. Ƙidayar shekarar 2012 ta sami mutum kusan 400.000 a gundumar, wadda yanzu ake kira da sunan Kance. A cikin wannan jama'a akwai dattawa, maza da mata, waɗanda suka yi karatun lise shekaru 40 ko 50 da suka shige. Wasu sun yi ritaya, wasu suna gona, wasu suna kasuwa. Tarihin zamansu bayan makaranta ya ƙunshi darasi ga iyaye, da ƴan makaranta, da ma'aikatan hukuma.

Hanyar karatu a wancan zamani

A shekarun 1970 karatun boko doguwar tafiya ce. Yaro ya yi shekara 6 a lakwal ya ci sartifika, ya yi shekara 4 a kwaleji ya ci burbe, sa'an nan ya yi shekara 3 a lise kafin jarrabawar bak. Kowane mataki kamar rariya yake, kaɗan ke wucewa. Ɗan Matamaye da ya kai lise dole ya bar gida ya tafi Damagaram, ko lise Amadu Kuran Daga ko makarantar horon malamai, ya zauna gidan kwana ko gidan wani ɗan uwa. Ƴan mata kuwa, akasari aure ke raba su da aji tun kafin burbe.

Uban da ya haƙura da hannun ɗansa a gona tsawon shekara 13 yana da dalili. A lokacin gwamnati na neman ma'aikata ruwa a jallo. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kuɗi suka riƙa shiga baitulmali, aka gina makarantu da asibitoci da hanyoyi. An buɗe jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970. Wanda ya ci bak yana samun tallafin karatu, idan ya gama ya yi aikin bautar ƙasa, sa'an nan a ba shi wurin aiki. Mutanen ƙauye suka ɗauka cewa takardar bak da kujerar ofis abu ɗaya ne. Yaran ma haka suka ɗauka. Da yawa daga cikinsu idan sun zo hutun damina sai a ga suna jin nauyin riƙon hauya.

Da kiɗa ya sake

Abin da aka dogara a kansa bai ɗore ba. Gyaɗa ce ta fara bayar da baya. A tsakiyar shekarun 1960 ita ke kawo fiye da rabin kuɗin kayan da Nijar ke sayarwa waje, kamfanin SONARA na sayenta, har akwai masana'antar matsar mai a Matamaye. Farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, dalar buhuna ta ɓace daga kasuwanni. A farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, ga kuma yunwar 1984. Gwamnati ta shiga bashi, ta karɓi sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Lamuni, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata.

Ƴan makaranta ba su yi shiru ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi maci a Yamai, aka harbe wasu a gadar Kennedy. Shekarun da suka biyo baya sun zo da yajin aiki, da bashin albashi na watanni, da shekarun karatu da suka lalace ba jarrabawa. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashin da ma ba ya isa ya ƙara tsukewa. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai aka koma ɗaukar malaman makaranta bisa kwantaragi, da ɗan abin da bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba. Saurayin da aka raka tasha da guɗa ya dawo gida da takarda a jaka, ba aiki, ba jari, ga iyaye sun tsufa suna sa ido.

Abin da aka koya

Darasi na farko shi ne, takardar jarrabawa shaida ce ta ilimi, ba alkawarin abinci ba ce. Waɗanda suka zauna jiran kiran hukuma sun ɓata shekaru masu tsada a gindin bishiya, ana shan shayi ana zargin zamani. Waɗanda suka gane da wuri cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, su ne suka tsaya da ƙafafunsu. Bayan yunwar 1984 hukuma ta yi kira ga noman rani. A fadamun Kance da Dungu da kewaye, inda ruwa ke kusa, ana noman rake da rogo da tumatir da tattasai. Ɗan lise da ya shiga wannan aiki ya tarar lissafin da ya koya bai tafi banza ba. Da shi yake auna abin da ya kashe kan iri da taki da man injin ban ruwa, da shi yake gane ko cinikin da dillali ya kawo riba ne ko faɗuwa. Wasu kuma suka kama fatauci ta Ɗan Barto, inda mai iya juya naira zuwa sefa da karanta takardun duwan ba ya rasa abin yi.

Darasi na biyu shi ne, ilimi ba a aji kaɗai yake ba. Itatuwan gawon nan da matafiyi ke gani ba gwamnati ta dasa su ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Matamaye da Magariya da Mirya suka riƙa barin tohon itace a gona, suna gyara shi maimakon sarewa, abin da ake kira sassaben zamani. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana hatsi rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa su zama abincin dabbobi da rani. Yau masana daga ƙasashen duniya na zuwa ganin wannan aiki. Wanda ya yi karatun kimiyyar tsirrai da Faransanci a Damagaram ya dawo ya ga ubansa, wanda bai taɓa shiga lakwal ba, ya riga shi aikata abin da ke cikin littafi. Nan girman kai ya kwanta.

Darasi na uku ya shafi masu karatun yaƙi da jahilci. Tun 1963 aka kafa wannan aiki a Nijar, kuma a kasuwannin gyaɗa na koperatif manoma sun koyi riƙe sikeli da rubuta awo da Hausa, don kada a cuce su. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yara ke fara karatu da harshen uwa. A da wasu ƴan lise na raina wannan karatu, suna ganin ilimi sai da Faransanci. Zaman ƙauye ya nuna musu kuskurensu. A kwamitin rijiya, ko bankin cimaka, ko asusun mata, littafin da aka rubuta da Hausa kowa na iya bincikensa. Ɗan lise ya rubuta wasiƙar neman taimako zuwa ofis, mai yaƙi da jahilci ya riƙe littafin kuɗi a gaban jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Darasi na huɗu shi ne mafi ɗaci. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawa daga ƙasar Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Gonaki sun tsuke saboda rabon gado, bakuna sun yawaita, mata suka shiga tafiyar neman taimako da yaran da ya kamata a ce suna aji. Dattawan da suka yi lise sun gane cewa barin ƴan mata a baya, da aka yi a zamaninsu, bashi ne da ake biya har yanzu. Matar da ta yi karatu ta zama malama ko ungozoma ta fi kowa iya shawo kan uwa ta bar ɗiyarta a makaranta.

Abin da ya rage

Yau hanya ta fi sauƙi. Yaro na iya kaiwa bak ba tare da ya bar Matamaye ba, kuma tun 2010 akwai jami'a a Damagaram. Amma kujerun ofis ba su ƙaru daidai da yawan masu takardu ba. Saboda haka ya wajaba iyaye su ci gaba da sa yara makaranta, maza da mata, su kuma haɗa musu da sana'a tun suna ƙanana. Ya wajaba ma'aikatan hukuma su ƙarfafa makarantun koyon sana'a, su sauƙaƙe wa matasa samun fili a fadama da ɗan jarin farawa. Su kuma ƴan lise na yanzu, su nemi waɗannan dattawa su zauna da su tun suna raye, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi.

Allah ya sa ilimin da aka samu ya amfani jama'a, ya ba da damina mai albarka.