Zogalen da aka datse wa kai

Da wuya ka shiga gida a Gaya ko ƙauyukan Ajingi ka rasa zogale a gefen katanga, ko inda ruwan wanke-wanke ke bi. A wani gidan ya miƙe siriri kamar gora, ganyen na can sama, sai yaro ya hau turmi da ƙugiya kafin a samu na kwaɗo. A maƙwabta kuwa bai wuce ƙirjin uwargida ba, ga rassa ta ko'ina, tana tsaye take tsinka a ƙwarya. Iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya. Wuƙa ce ta raba su.

Tohon da ke can ƙololuwar shuka yana haɗa wani sinadari da ake kira oksin, wanda ke gangarowa ta cikin kara yana danne idanun da ke hammatar ganye, ya hana su tsirowa. Muddin kan yana nan, tsawo kawai shukar za ta yi ta yi. Da an cire shi, sai idanun su farka, reshe ɗaya ya zama uku ko huɗu. A 1933 wasu masana biyu a Amurka, Kenneth Thimann da Folke Skoog, suka gwada haka da wani irin wake: suka yanke kan, suka sa oksin a bakin yankan, sai idanun gefe suka ci gaba da barcinsu tamkar ba a taɓa shukar ba. Tsohuwar da ke murtsuke kan zogalenta da farce idan ya kai ƙugu ba ta taɓa jin sunansu ba, amma aikin ke nan.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauka kowace bishiya zogale ce. Shi da lalle suna da haƙuri, ko ƙasa-ƙasa aka sare su za su sake tofowa. Mangwaro ba haka yake ba. A bakin rassa yake fure lokacin hunturu, don haka wanda ya aske shi gab da sanyi saboda ganye na cika masa tsakar gida, 'ya'yan bana ya zubar. Askinsa sai an gama cin 'ya'ya.

Yankan ma da hannu. Wuƙa mai kaifi, a karkace, ɗan sama da ido, don kada ruwa ya kwanta. Dakusasshiyar adda farfasa reshe take yi, ruɓa ta samu ƙofa.

A Maradi, daga 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya da manoman yankin sun kai wannan dabara gona. Kututturen da ake ƙonewa lokacin sharar gona sai a zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a bar masa, a cire sauran. Can suna ce masa sassaben zamani, kuma da shi gawo da kalgo suka dawo gonakin gero da suka daɗe tsirara.