Gaskiya ko Jita-jita: Firintar 3D da Kayan Cikin Inbata

A cikin kowace inbatar sola da cajar kwamfuta akwai ɗan dunƙulen ƙarfe, ko wani baƙin abu mai kama da dutse da ake kira ferayit, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe. Da shi ake ɗaga wuta, a sauke ta, a tace ta. Yanzu labari ya bazu cewa firintar 3D, mai gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa, ta karɓe aikin ƙera shi.

An ce ana buga maganaɗisu da firinta. Gaskiya ne. A 2016 masu bincike a cibiyar Oak Ridge ta jihar Tennessee a Amurka sun cakuɗa garin neodiyam da ƙarfe da boron, kashi 65 cikin ɗari na girman haɗin, da nailan, suka buga. Sai dai abin da ya fito bai zama maganaɗisu ba sai da aka ɗura masa ƙarfin jan daga baya, kuma irin wannan mai haɗin roba ba ya kai rabin ƙarfin wanda aka gasa a tanderu.

An ce dabarar za ta raba duniya da dogaro da Sin wajen samun neodiyam. Wannan kam jita-jita ce. Firinta ba ta haƙo neodiyam, tana dai rage asarar da ake yi wajen yanka da goga.

Maganar da ta fi damuna ita ce wai dunƙulen da aka buga ya fi na da. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu naɗin koyil ya ga ƙarfen taransifoma falle-falle yake, yawanci kowane bai wuce kaurin rabin milimita ba, an shafe shi da abin hana wuta tsallakawa. Da gangan aka yi haka. In ƙarfen curi guda ne, wata wuta takan riƙa kewayawa a cikinsa tana zama zafi. To, lezar firinta da ke narkar da garin ƙarfe curi guda take bayarwa. Shi ya sa masu bincike ke barin siraran tsaga a cikin abin da suke bugawa don datse wa wutar hanya, kuma har yau fallen masana'anta yana gaba.

Amma nan ɗin ne kuma firinta ta burge ni. Ƙarfen taransifoma yakan ƙunshi silikon kusan kashi 3 cikin ɗari. An daɗe da sanin kashi 6.5 ya fi, don zafi yana raguwa, gunjin nan da ake ji ma kusan ya ɓace. Matsalar ita ce irin wannan ƙarfe gautsi gare shi, yana tsagewa in aka murje shi. Firinta ba ta murzawa, kuma a Jami'ar Nottingham ta Ingila an buga mai silikon kusan kashi 7.

Ferayit kuwa, da ƙananan cajoji suka dogara a kansa, ko an buga shi sai ya shiga tanderu mai zafin sama da digiri 1,000, inda yake tsukewa, wani lokaci ya tsage. Injin matsa gari yana fitar da dubbansa a farashi kaɗan, don haka wanda ke cikin cajar da ke kasuwa matsa shi aka yi, na firinta yawanci samfurin gwaji ne.