Sola a Tsakiyar Teku: Zaɓen Farantai da Jan Waya a Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska

Jirgin ruwa mai tafiya da iska ba ya buƙatar mai don ya motsa, amma wutar lantarki ba ya rabuwa da ita dare da rana. Firji yana ci, na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta idan matuƙi ya gaji tana ci, haka rediyo da taswirar lantarki da fitilun da dokar teku ta wajabta a kunna daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Duk daga batir suke sha, yawanci mai bolt 12. Kowace shekara tun 1986, ƙananan jirage kan taru a Las Palmas da ke tsibiran Kanari a watan Nuwamba, su tsallaka Tekun Atilantika zuwa yankin Karibiyan, tafiyar kusan mil 2,700 na teku da kan ci mako biyu zuwa uku. A irin wannan tafiya babu inda za a jona caji. Ko dai a riƙa tayar da injin dizal don kawai a cika batir, ana ƙona man da ba a da wurin sayensa, ko a nemi wuta daga rana.

Mai sola a rufin gida a Kano ko Maraɗi ya san kayan aikin: faranti, kwantirola, batir, waya. Su ne dai a jirgi. Bambancin shi ne rufin gida yana tsaye wuri ɗaya kuma babu abin da ke samansa, alhali jirgi yana jujjuyawa, yana karkata, gishiri na cin duk wani ƙarfe da ke jikinsa, sannan samansa cike yake da abubuwan da ke yin inuwa.

Kafin a sayi komai sai an yi lissafin abin da jirgin ke ci a yini. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfiya yawan wutar da ke gudana, wat kuwa bolt sau amfiya. Ma'abota jirage sun fi yin lissafi da amfiya-awa: na'urar da ke jan amfiya 3 na tsawon awa 24 ta ci amfiya-awa 72. A ɗauki misalin jirgi mai tsawon mita 11 yana kan tafiya. A ce firji ya ci 45 a ƙasa mai zafi, na'urar tuƙi 72, taswira da rediyo da sauran na'urorin awo 48, fitilu da cajin wayoyin hannu 15. Jimla 180 ke nan. Idan ya jefa anka a gaɓa, aka kashe na'urar tuƙi da yawancin na'urorin awo, cin zai sauko zuwa rabin haka.

Sai kuma abin da faranti zai bayar, kuma a nan ne masu saye suka fi ruɗuwa. Adadin wat da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita yana dukansa kai-tsaye, ƙwayoyin silikon da ke cikinsa kuma suna kan digiri 25 na ma'aunin Salshiyas. A teku ba a cika samun wannan yanayi ba. Farantin yana kwance ne, don haka rana ba ta fuskantarsa sosai sai wajen tsakar rana. Zafi kuma yana rage masa ƙarfi da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya haura 25, ta yadda farantin da ya kai digiri 55 ya riga ya yi asarar wajen kashi 12 cikin 100. Lissafin da ba ya ba mutum kunya shi ne a ɗauki awa biyar na cikakkiyar rana, a cire kusan kashi 30 cikin 100 na asara. Faranti mai wat 100 zai ba da wat-awa 350, wato amfiya-awa 27 ko kusa da haka. Jirgin misalin nan yana buƙatar wat 350 idan yana kan anka, da kusan 700 idan yana tafiya. Jirage masu wannan girma kaɗan ne ke da wurin ɗora wat 700, shi ya sa ake haɗawa da injin iska ko wanda ruwa ke juyawa, ko kuma a rage ci.

Farantai iri biyu ne ake zaɓa a tsakaninsu. Akwai mai tauri, mai fuskar gilashi da firam ɗin alminiyam, irin na rufin gida. Shi ne mafi araha a kan kowane wat, mafi daɗewa, kuma iska na bi ta ƙarƙashinsa tana sanyaya shi. Masu kyau na yau suna mayar da kashi 20 zuwa 22 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansu zuwa wuta, alhali ƙwayar silikon da Bell Labs ta fito da ita a Amurka a 1954 kashi 6 kawai take iyawa. Aibinsa nauyi da kusurwoyi masu kaifi. Akwai kuma mai lanƙwasuwa, marar gilashi, wanda ake manna wa a doron jirgi ko a ɗinka shi a kan rumfar tamfol da ke saman mazaunin matuƙi. Ba shi da nauyi, ya kuma fi kyan gani, amma yakan yi zafi saboda iska ba ta shiga ƙarƙashinsa, kuma idan tamfol yana kaɗawa ƙwayoyin kan yi ƙananan tsagu da ido ba ya gani har ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Inda akwai wurin kafa mai tauri, shi ya fi. Wurin da ya fi dacewa da shi kuwa shi ne bakan ƙarfe da ake ginawa a can bayan jirgi, nesa da dogon ginshiƙin da ke ɗauke da ƙyallayen iska, muddin an tuna cewa faffaɗan faranti a sama shi ma iska na kama shi idan guguwa ta taso.

Batun inuwa shi ne zuciyar al'amarin, kuma ya fi yawan wat muhimmanci. Kowace ƙwayar silikon tana ba da kusan rabin bolt ne kawai, don haka ake jera su a sarƙe, wutar ɗaya na bi ta cikin ta gaba. Ƙwayoyi 36 ke yin farantin da ake kira mai bolt 12, wanda a zahiri yake aiki a wajen bolt 18. Kamar ayarin raƙuma ne da aka ɗaure da igiya guda: ɗaya ya durƙusa, duk ayarin ya tsaya. Ƙwaya ɗaya tak idan inuwa ta rufe ta gaba ɗaya, tana iya shaƙe wutar dukan jerin, ita kanta kuma ta yi zafi. Masu ƙerawa suna saka 'yan na'urori da ake kira dayod a akwatin da ke bayan farantin, domin wuta ta kewaye sashen da inuwa ta kama. Amma dayod ɗaya yakan kula da ƙwayoyi 18 zuwa 24 ne, saboda haka inuwa mai faɗin tafin hannu tana iya kashe sulusi ko rabin faranti.

A jirgi kuwa inuwa ba ta ƙarewa. Ga ginshiƙi, ga sandar da ke kwance a ƙarƙashin babban ƙyalle, ga tukunyar rada, ga eriya, ga ƙyallen kansa. Siririyar inuwar igiyar ƙarfe da ke can sama ba ta cika yin ɓarna ba, don takan dushe kafin ta sauko. Mai kauri da ke kusa ita ce matsala. Jirgin da ya doshi yamma daga Kanari yana samun rana sosai da safe a farantan bayansa, amma da rana ta karkata sai ƙyallayen su shiga tsakani. A kan anka kuma jirgi yana bin iska da igiyar ruwa yana juyawa, inuwar da ke hagu yanzu tana dama bayan rabin awa.

Wannan ne ke yanke hukuncin yadda za a haɗa farantai. A haɗin sarƙa, ana jona jar wayar wannan da baƙar wayar wancan, bolt ya taru, amfiya ta tsaya yadda take. Ribarsa babba ce ta fuskar waya: idan bolt ya ninka biyu aka rage amfiya da rabi, asarar da ake yi a cikin waya tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. A haɗin gefe da gefe kuwa, ja da ja, baƙi da baƙi, amfiya ce ke taruwa, kuma wanda inuwa ta kama ba ya jan ɗan'uwansa ƙasa sosai, sai dai yana buƙatar waya mai kauri, kuma idan layukan sun kai uku kowanne sai an sa masa nasa fis. Hanyar da ta fi duka, ga wanda aljihunsa zai ɗauka, ita ce kowane faranti ko kowane ɓangare, hagu da dama, ya sami tasa kwantirola. Inuwa a hagu ba ruwanta da dama, kuma idan kwantirola ɗaya ta mutu a tsakiyar teku, rabin wutar na nan.

Kwantirola iri biyu ce. Mai araha, PWM, tana jawo bolt ɗin faranti ƙasa zuwa na batir, bambancin da ke tsakanin 18 da 13 ya tafi a banza. MPPT kuwa tana barin faranti ya yi aiki a inda ya fi ƙarfi, ta mayar da rarar bolt zuwa ƙarin amfiya. Ribar kan kai kashi 10 zuwa 30 cikin 100 gwargwadon yanayi. Inda wuri ya yi ƙaranci kamar jirgi, babu dalilin tsimi a nan. Lambobi biyu ake dubawa. A kayan kamfanin Victron na ƙasar Holan, misali, 100/30 na nufin kada bolt ɗin farantai ya wuce 100, kuma amfiya 30 ce iyakar abin da za ta tura wa batir, daidai da farantai masu kimanin wat 400 a tsarin bolt 12. Iyakar bolt ba abin wasa ba ce. Ana lissafa ta da bolt ɗin faranti lokacin da ba a jona shi da komai ba, wajen 22 ga mai ƙwayoyi 36, kuma sanyi yana ƙara shi. Uku a sarƙe sun ba da 66, da sanyin asuba a arewacin Turai su haura 70, dab da iyakar kwantirola mai 75. Huɗu za su ƙone ta. Dole kuma a saita ta da irin batirin da ke jirgin. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, na litiyam yana jure a sha kashi 80 cikin 100, amma ba a cajinsa idan sanyi ya kai na ƙanƙara.

Wayar gida ba ta aiki a teku. Ana amfani da mai siraran zaruruwa da yawa, don mai zare ɗaya tana karyewa da girgiza, kuma kowane zaren jan ƙarfe an shafe shi da kuza. Wadda ba a shafa ba, in aka fere ta bayan 'yan shekaru, sai a tarar ta yi baƙi har can cikin roba. Kauri kuma lissafi ne. Ƙa'idar hukumar ABYC ta Amurka ta amince da asarar bolt kashi 3 cikin 100 a layuka masu muhimmanci, wato bolt 0.36 a tsarin 12. Amfiya 20 a nisan mita 5, zuwa da dawowa mita 10, tana buƙatar waya mai kaurin murabba'in milimita 10. Da mai 4 aka sa, kusan bolt 0.9 zai ɓace a hanya, kwantirola ta ɗauka batir ya cika alhali bai cika ba. Shi ya sa ake kafa ta kusa da batir, a busasshen wuri mai iska, amma ba a cikin rufaffen akwatin batirin dalma ba, saboda iskar gas da yake fitarwa tana kamawa da tartsatsi.

Fis ɗin da ya fi muhimmanci shi ne na kusa da batir, a kan jar waya, tazarar da ba ta wuce inci 7 ba, kimanin santimita 18, bisa ƙa'idar ABYC. Faranti ba ya iya ba da wuta fiye da ƙarfinsa, amma batir yana iya tura ɗaruruwan amfiya idan wayoyi suka haɗu, kuma gobara a jirgin roba babu wurin gudu. Ana matse kan waya da filayar da aka yi don haka, a rufe da robar da ke tsukewa idan an gasa ta. Murɗa waya a naɗe da salatif ba shi da gurbi a nan, liƙin dalma shi kaɗai ma ƙa'idar ba ta yarda da shi ba. Inda waya za ta huda doron jirgi ana sa mata mariƙi mai hana ruwa, a bar ta ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ramin, don ruwa ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta ciki. A nisanta ta da kamfas, don wutar da ke gudana tana karkatar da allurarsa. Kusoshin ƙarfe marar tsatsa da suka shiga firam ɗin alminiyam kuma sai an raba su da washa ta roba ko man shafawa na musamman, in ba haka ba ruwan gishiri zai sa alminiyam ɗin ya zama farin gari a kewayen kusar.

Wajen jonawa, batir ake fara haɗawa da kwantirola, don ta gane bolt ɗin tsarin, sannan farantai. Wajen cirewa a fara da farantai. Maɓallin katsewa tsakanin faranti da kwantirola yana sauƙaƙa wannan, domin ba a zare mahaɗan wayoyin faranti, wato MC4, da wuta na gudana, tartsatsin yana ƙona bakinsu. In babu maɓallin, a lulluɓe farantin da bargo tukuna.

Bayan an gama, ma'aunin bolt kaɗai ba ya faɗin gaskiyar abin da ke cikin batir, musamman na litiyam da bolt ɗinsa ba ya motsi sosai har ya kusa ƙarewa. Ana sa na'urar ƙidayar amfiya a kan baƙar wayar batir, kuma dole duk wata baƙar waya, har da ta kwantirola, ta bi ta cikinta. Wadda ta kewaye ta, wutar da ta kawo ba za ta shiga lissafi ba. Da wannan na'ura ake ganin tasirin kashin tsuntsu ko busasshen gishiri a fuskar gilashi, wanda ruwan daɗi da tsumma mai laushi ke wankewa, da kuma yawan amfiyar da ke ƙaruwa nan take idan aka ja sandar ƙyalle gefe guda aka ɗaure ta lokacin da jirgi ke kan anka.