Daga Tsafe Zuwa Bunguɗu: Arzikin Da Ke Bakin Hanya

Matafiyin da ya baro Funtuwa, Tsafe ce ke fara tarbarsa da duwatsunta, sannan 'Yandoto, tsohuwar matattarar malamai. Kafin ya shiga Gusau, sai Dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Bunguɗu ya cika masa ido. Ita kuwa Gusau, jirgin ƙasa da auduga da gyaɗa ne suka raya ta tun kafin ta zama babban birnin jiha a 1996, amma yau masaƙarta ta yi shiru. Fadamun Gulbin Sakkwato ba su daina albarka ba. Manomi ne 'yan bindiga suka raba da gonarsa. Matuƙar hukuma ba ta tsare hanya da gona ba, wannan arziki zai zauna sai dai kallo.