Boljoyin: Ɗan Ƙarfen da ke Riƙe da Tayar Gaba

Duk mai bin hanya ya taɓa ganin a-kori-kura ta durƙusa a gefen titi, tayar gaba ta karye ciki kamar raƙumin da aka ɗaure wa gwiwa. Sai a ce tsautsayi ne. Galibi kuwa boljoyin ne ya fice daga gurbinsa, bayan ya daɗe yana kuka ba a saurare shi ba.

Ƙwallon ƙarfe ne a cikin ƙoƙo, kamar gaɓar ƙugun mutum. Shi ke ba taya damar juyawa, ta hau ta sauka ba tare da ta rabu da mota ba. Manyan motoci irin su DAF da MAN kinfin gare su a gaba maimakon boljoyin, amma bakin tayarod ɗinsu irin wannan gaɓar ce.

Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, mai shago zai tare ka: "Alhaji, orijinal za a kawo, ko Beljiyam, ko mai sauƙi?"

Na kamfani yawanci a rufe yake zuwa da giris ɗinsa, ƙwallon na zaune cikin filastik mai tauri. Sitiyari ya yi laushi, ba ruwanka da shi. Sai dai ransa na ga robar da ta lulluɓe shi. Ranar da ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga, giris ya koma yashi yana cin ƙarfe, kuma babu ƙofar da za a ɗura sabo. Shi ma ba ma'asumi ba ne: a 2005 Toyota ta janye dubban ɗaruruwan motoci a Amurka, ciki har da Tundra da Tacoma, saboda boljoyin ɗin ƙasa.

Cikin na wasu kamfanonin akwai masu ɗan bakin ɗura giris, ƙarfe a kan ƙarfe. Suna jure lodi da ramuka, sabon giris kuma yakan koro datti waje. Amma da sharaɗi: duk juyen mai sai an ɗura. In ka san direbanka ba zai yi ba (mu faɗa wa juna gaskiya), kada ka saya, don in ya bushe ya fi na rufe saurin mutuwa.

Jabu ne bala'in. Ko 555 na Japan da makanikai ke yabo, ana buga kwalinsa a zuba tarkace. Ni kam Beljiyam ma, wato na hannu, tsoronsa nake a wannan gaɓar. An wanke shi da fetur, an shafa masa giris yana ƙyalli, amma wa ya san tafiyar da ya sha?

In ka ji ƙwal-ƙwal a gargada, ko gefen taya ɗaya na cinyewa, ko sitiyari na yawo, sa bakanike ya ɗaga gaban da jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza. In da wasa, a canza dama da hagu tare, a yi alaimen. Ka tsaya kuma ka ga an zura fil ɗin da ke kulle notin boljoyin ɗin. Wasu ƙusa suke lanƙwasawa a wurin, wasu ma haka nan suke barinsa.