Daga Fagen Daga Zuwa Gadon Asibitin Soja a Yamai

Ranar 10 ga Disamba 2019 ƴan bindiga suka afka wa sansanin soja na Inates, kusa da iyakar Mali. Ma'aikatar tsaro ta sanar da mutuwar sojoji 71, aka yi zaman makoki na kwana uku, aka yi musu sutura a sansanin sojan sama na 101 da ke Yamai. A cikin sanarwar akwai wani adadi da bai daɗe a bakin jama'a ba, wato mutum 12 da suka jikkata. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairu 2020, aka sake rasa sojoji 89 a Shinagodar. Waɗanda suka kwanta dama ana karanta sunayensu, ana yi musu addu'a. Wanda aka ɗauko da ransa kuwa, labarinsa yakan ƙare a ƙofar ɗakin tiyata.

Kafin ya ga wannan ƙofa, sai ya ci hanya. Tilaberi na da nisan kilomita ɗari da ƴan kai daga babban birni, Inates ya ninka haka, Difa kuwa ta haura kilomita 1,300. Likitocin yaƙi sun daɗe da sanin cewa zubar jini ce ke kashe mafi yawan waɗanda da an hanzarta da sun rayu. Shi ya sa a 2009 sakataren tsaron Amurka, Robert Gates, ya ba da umarnin a riƙa kai sojan da ya ji rauni a Afganistan gaban mai tiyata cikin awa ɗaya. A Sahel awa ɗaya takan ƙare ana neman hanyar da ba a binne nakiya ba. Abin da ke riƙe ran mutum a wannan tsakani bai taka kara ya karya ba: igiyar da abokin aikinsa zai ɗaure masa cinya da ita, bandeji, da ledar ƙarin ruwa da wani zai ɗaga da hannu a bayan mota tana tsalle a kan burji. Idan an samu jirgi mai saukar ungulu, an auna arziki.

A Yamai, asibitin sojoji ne ke karɓar nasa, amma idan aiki ya yi yawa ko rauni ya yi tsanani, ana jingina da Babban Asibitin Ƙasa da kuma asibitin da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2016. Raunin yaƙi ba ya son gaggawar ɗinki. Harsashi da ɓaraguzan nakiya kan shiga da ƙasa da tsumman kaki, don haka mai tiyata yakan yanke naman da ya mutu, ya wanke, ya bar wurin a buɗe na ƴan kwanaki kafin ya rufe. Wankin ciwo na safe shi ne lokacin da majinyata suka fi tsoro. Saurayin da bai ja da baya ba a gaban wuta, sai a gan shi ya cije gefen zane, zufa na keto masa, majo, wato ma'aikacin jinya, na cewa, "Sannu, yi haƙuri, saura kaɗan."

Sauran wunin na masu jinya ne. Uwa ko mata ko ƙane ya baro Dogon Dutsi ko Tawa, ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ga buta, ga kwanon kunu, ga takardar magani a ninke cikin aljihu. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, mafici ba ya sauka daga hannu. In dare ya yi, wani ciwon ke tashi: wanda aka yanke wa ƙafa yana jin zogi a yatsun da babu su, wani kuma ƙarar ƙofa kaɗai ta isa ta zaburar da shi daga barci. Soja ba ya son a ce ya karaya, shi ya sa wannan ciwo kan daɗe a ɓoye.

Siyasa ma takan shigo har ɗakin majinyata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, magani ya yi wuya har zuwa Fabrairu 2024. Firjin ajiyar jini da na'urar iskar numfashi ba su san takunkumi ba, wuta kawai suke so. Sojojin Faransa sun fice a Disamba 2023, na Amurka da Jamus a 2024, sannan a Fabrairu 2025 gwamnati ta umarci ƙungiyar agaji ta CICR ta rufe ofisoshinta, ita da ta daɗe tana tallafa wa tiyatar masu raunin yaƙi a Difa. Ko mutum na goyon bayan waɗannan matakai ko ba ya yi, nauyin ya dawo kacokan kan likitocin gida, kuma wajibi ne a ba su kayan aiki daidai da shi.

Akwai abin da ba sai an jira hukuma ba. Jini ba a ƙera shi a masana'anta, ba a kuma ajiye shi fiye da ƴan makonni. Duk mai lafiya da ke Yamai na iya zuwa cibiyar ƙarin jini ta ƙasa ya miƙa hannu a ɗebi leda guda.