Abdu Mumuni: yadda aiki ke yi wa mutum suna

Duk wanda ya bi gadar Kennedy a birnin Yamai, ya ƙetare kogi, zai iske babbar makarantar ƙasa, wato jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni tun shekara ta 1992. Dubban ɗalibai suna ambaton wannan suna kullum. Mai sunan kuwa bai taɓa mulkin ƙasa ba, ba a kuma san shi da tarin dukiya ba. Malamin makaranta ne, mai binciken ilimi. Tarihinsa abin dubawa ne ga kowane ma'aikaci, babba da ƙarami, domin a buro da yawa ana zaton ƙarin girma sai da sanayya, sai da yawan gaisuwa ƙofar manya. Shi ba ta wannan hanya ya bi ba.

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa cikin shekara ta 1929. Bayan ya gama ƙaramar lakkol, aka tura shi makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda ake horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen Afirka ta yamma da ke hannun Faransa. A wancan zamani, yaron da ya fito daga can ya sami abin yi, ana kiransa mushe, ana girmama shi a gari. Abdu Mumuni bai tsaya nan ba. Ya wuce Faransa, ya duƙufa ga ilimin fizik, wato ilimin da ke binciken haske da zafi da ƙarfin abubuwa. Cikin shekara ta 1956 ya ci jarrabawar agaregasiyo, wadda ita ce mafi wuya ga mai son koyarwa a manyan makarantun Faransa. Ba a ba kowa ita don sanin iyayensa. Takardar da mutum ya rubuta da amsar da ya bayar gaban malamai su ne shaidarsa. Tushen sunansa na farko ke nan: ya san aikinsa ƙwarai.

Ya soma koyarwa a Dakar. Ana nan, ran 28 ga watan Satumba na 1958, mutanen Gine suka ƙi amincewa da tsarin da Janar de Gaulle ya kawo, suka zaɓi ƴancin kai. Faransa ta yi fushi, ta janye ma'aikatanta, makarantu suka rasa malamai. Abdu Mumuni yana cikin ƴan Afirka masu ilimi da suka tafi Konakiri koyarwa a wannan lokaci. Mai lissafin albashi da ƙarin girma kaɗai ba ya barin Dakar ya nufi inda babu tabbas. Amma daga nan aka san shi da hali na biyu: inda ake bukatarsa, can yake zuwa.

Daga 1962 zuwa 1964 ya zauna Tarayyar Sobiyet yana nazarin yadda za a ci moriyar zafin rana. Zaɓin nan yana da dalili. Ƙasashen Sahel sun dogara ga itace don girki, daji kuwa yana ta ja da baya, alhali rana tana nan kullum, kyauta. Da ya gama, ya sauka Bamako, ya koyar a makarantar horar da manyan malamai, ya kuma kafa wa ƙasar Mali ɗakin binciken ƙarfin rana. Cikin 1964 ɗin ne ya fitar da littafinsa mai suna L'éducation en Afrique, wato Ilimi a Afirka. A ciki ya nuna aibin makarantar da Turawan mulki suka bari, ya nemi a koyar da yara cikin harsunan iyayensu. Waɗanda suka koyi karatu da rubutu cikin Hausa a ajin yaƙi da jahilci sun san amfanin wannan magana fiye da kowa. Cikin 1967 kuma ya sami babban digirin doktora a Faransa.

Komi nisan jifa, ƙasa zai faɗi. Cikin shekara ta 1969 ya komo Nijar, aka danƙa masa jagorancin ma'aikatar ƙasa ta ƙarfin rana, wadda ake kira ONERSOL, ya riƙe ta har 1985. Lokacin da aka ba shi wannan kujera, babu mai tambayar dalili, domin aikin da ya yi a Bamako ya riga shi isowa.

A Yamai ma bai bar iliminsa cikin takarda ba. Ma'aikatar ta ƙera murhun da ke dafa abinci da rana, da abin tace ruwa, da tukunyar ɗumama ruwa. Ita tukunyar ga yadda take aiki: faranti ne na ƙarfe mai baƙin fenti, an jera bututu a jikinsa, an rufe shi da gilashi. Baƙin fenti yana shan zafin rana, gilashi yana hana zafin fita, ruwan da ya yi zafi cikin bututu sai ya hau sama ya taru cikin tanki. Babu itace, babu gawayi. Fari na 1973 da na 1984, waɗanda suka kashe dabbobi da itatuwa, sun nuna cewa mutumin nan ya yi hangen nesa. Gani ya kori ji: wanda bai taɓa jin kalmar fizik ba yana iya sa hannu cikin ruwan ya shaida da kansa.

Daga 1979 zuwa 1982 ya shugabanci jami'ar Yamai. Allah ya yi masa rasuwa ran 7 ga watan Afirilu na 1991. Shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar sunansa.

In an duba, kowane matsayi da ya hau, aikin baya ne ya buɗe masa ƙofa: jarrabawa ta kai shi aji, aji ya kai shi ɗakin bincike, ɗakin bincike ya kai shi shugabanci. Ba kowa ne zai zama Abdu Mumuni ba, amma hanyar a buɗe take ga kowa. Malamin gona da manoma suka ga amfanin shawararsa, da unguwarzoma wadda mata ke nema da sunanta, da magatakardan da takardar talaka ba ta ɓacewa a teburinsa, duk suna gina irin wannan suna ne. Direkta yana canzawa, wanda ya tsaya wa mutum yau gobe yana iya barin kujera. Shaidar da jama'a suka yi wa ma'aikaci kuwa tana binsa duk garin da aka tura shi, wani lokaci ma tana riga shi sauka daga mota.